Gwangwanin Madarar da Ke Jikin Allo

Akwai wani mai shayi a Jimeta da nake karyawa a teburinsa. Allonsa ya sha rana har fenti ya fara ɓarewa: buta, burodi, ƙwai uku da gwangwanin madarar Peak. Na daɗe ina ganinsa kafin in lura cewa madarar da yake dama mana ta gari ce, wadda ake aunowa a leda. Na ce, "Malam, ina ta gwangwanin?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Alhaji, allon nan ya girmi tsadar."

Haka ake karanta zanen kayan amfanin yau da kullum. Kafin a yaba hannun mai zane, a tambaya: wa ke iya sayen abin nan, daga ina ya fito, kuma a wane zamani?

'Yan ƙasar Holan sun shahara da irin wannan zane a ƙarni na 17. Pieter Claesz yakan zana kifi da burodi da kofi a kan tebur. Willem Kalf, wanda ya rasu a 1693, shi tangaran na Sin yake jerawa, da darduma ta ƙasashen Gabas da lemon tsami rabin ɓare. Wannan arzikin jiragen fatauci ne, irin na kamfaninsu da aka kafa a 1602, attajiran da suka ci ribar kuma su ne masu sayen zanen. Matuƙan da suka mutu a teku da bayin da suka noma raken sukari ba a sa su a ciki ba.

Mu a nan ɗakin amarya ne ya fi allo bayani. Lokacin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, darajar mace a jeren ƙoranta take. Ƙwaryar, wadda Fulani ke kira tummude, ana ƙona mata zane da ƙarfe mai zafi, kuma masanin abin yana duban zanen ya gane ta Bafulatana ce, ko ta Ga'anda, ko ta Yungur. Marla Berns da Barbara Hudson sun yi littafi sukutum a kan ƙoran wannan yanki a 1986.

Sai jiragen Turawa suka riƙa hawowa Binuwai da damina, Jimeta ta zama bakin ruwa da kantuna. Langa da samira suka shigo da furannin da ba sa tsirowa a gonar kowa a nan, aka cika kabad da su har rufi. Ba don a ci tuwo aka saye su ba. 'Yan ganin ɗaki ƙirga su suke yi, su fita su ba da labarin ƙarfin gidan su amarya. A Zariya ma, da keke ya zama abin mai hali, sai magina suka fara fitar da siffarsa a bangon zaure.

Yanzu kuloli da tangaran sun ture samira, ta koma ta ƙauye. Ƙwaryar kuwa, abin mamaki, ta hau bangon falon manya da otal-otal a matsayin ado, masu tallan nono da yawa kuma sun koma ɗaukar roba.