Baƙaƙen Layukan da ke Cikin Hasken Rana

Idan hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan warwatsu zuwa launukan bakan gizo. A shekarar 1814 wani Bajamushe mai sana'ar gilashin hangen nesa, Joseph Fraunhofer, ya ƙura wa launukan nan ido da na'urarsa, sai ya ga siraran baƙaƙen layuka sun yayyanka su. Ya ƙirga fiye da 500, amma har ya rasu bai san dalilinsu ba.

Sai a 1859, a birnin Heidelberg, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano bakin zaren. Kowane sinadari, in ya sha zafi, akwai launin da yake fitarwa, nasa shi kaɗai. Mai karatu na iya jarrabawa: ka barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, nan take shuɗin zai koma rawaya, aikin sodiyam ke nan. Abin mamakin shi ne, in hasken fitila ya ratsa tururin sodiyam da bai kai fitilar zafi ba, tururin yakan shanye wannan rawayar daidai, ya bar baƙin layi a gurbinta. Ashe iskar da ta lulluɓe rana ce ke tsame wasu launuka kafin hasken ya iso mana.

To, me ya sa launi kaza, ba wani ba? Niels Bohr ya amsa a 1913. Elektiron da ke cikin ƙwayar zarra tamkar mai hawa tsani yake: ya tsaya a wannan mataki ko wancan, babu tsayawa a tsakani. Shi ma haske ƙunshi-ƙunshi yake zuwa, kowane launi da nasa adadin kuzari. In ƙunshin ya yi daidai da ratar matakai biyu, elektiron ya haɗiye shi ya hau; in bai yi daidai ba, ya wuce abinsa. Da ya sauko kuma, sai ya amayar da shi. A haidirojin, saukowa daga mataki na uku zuwa na biyu ce ke ba da jan haske mai tsawon zango nanomita 656.

A ganina, da wuya a sami dabarar da ta faɗaɗa idon ɗan Adam kamar wannan ta karanta layukan haske, domin da ita ake sanin abin da tauraro ya ƙunsa ba tare da an je can ba. A shekarar 1868 aka hango wani layi mai launin rawaya a hasken gefen rana wanda bai dace da kowane sanannen sinadari ba. Norman Lockyer ya ce sabon sinadari ne, hiliyam. Ba a same shi a doron ƙasa ba sai a 1895, lokacin da William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai yuraniyam.