Idan Jari Ya Karye: Me Ake Nufi da Doka Mai Ƙarfi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

Kusan duk wanda ke zuwa masallacinmu ya san wani ɗan kasuwa da jarinsa ya karye. Yau shago cike, gobe masu bin bashi sun yi layi a ƙofar gida. Abin da muka saba gani shi ne, mai ƙarfin murya ya kwashe abin da ya rage, marainiyar da aka juya wa kuɗin gadonta ta tashi a tutar babu, shi kuwa mai shagon ya sulale ya bar gari. Don kada a kai ga haka ƙasashe suke kafa dokar karyewar jari.

A zamanin da, ana ganin ƙarfin irin wannan doka a tsananinta ne. A tsohuwar Rum, ana iya sayar da wanda ya kasa biyan bashi a matsayin bawa. Turai ta daɗe tana kulle masu bashi a kurkuku, har Faransa ta soke hakan a harkar kasuwanci a 1867, Ingila kuma ta soke mafi yawansa a 1869. Sannu a hankali aka gane cewa wanda ke kulle ba ya neman kuɗi, balle ya biya.

Yau ma'aunin ya canza. Bankin Duniya ya yi shekaru yana ba ƙasashe maki daga 0 zuwa 16 a kan wannan doka, kafin ya dakatar da rahoton da ke ɗauke da makin a 2021. Abu huɗu yake dubawa: sauƙin buɗe shari'a, yadda ake kula da dukiyar wanda ake bi, damar farfaɗo da kasuwancin, da kuma ko ana jin ta bakin masu bin bashi. Ka ga babu maganar kurkuku a ciki. Doka mai ƙarfi ita ce wadda ke ceto kasuwancin da zai iya tashi, ta kuma raba dukiyar wanda ba zai tashi ba bisa adalci.

Mu a Nijar, da 'yan'uwanmu na Kamaru, Cadi da Benin, dokar da ke kanmu ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa a 1993, yanzu tana da ƙasashe 17. Dokarta ta farko kan karyewar jari ta fito a 1998, aka sake mata fasali a 2015. Gyaran ya kawo hanyar sulhu cikin sirri tsakanin ɗan kasuwa da masu binsa tun kafin ya durƙushe. Ya sauƙaƙa matakai ga ƙananan 'yan kasuwa, ya sa ƙa'ida ga waɗanda kotu ke naɗawa su kula da dukiya, ya kuma ba wanda ya zuba sabon kuɗi don ceto kasuwancin fifiko wajen biya. Wanda kuma ya kai ga kasa biya gaba ɗaya, doka ta ba shi kwana 30 ya sanar da kotu, ita za ta duba ko a farfaɗo da shi ko a sayar da kayan a raba.

To, mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya suna da babi guda a kansa, suna kiransa taflisi. Idan bashi ya cinye dukiyar mutum, masu binsa na iya hana shi kyauta da ita. Idan alƙali ya yi hukunci, sai a sayar da kayansa a raba gwargwadon bashin kowa. Misali, ana binsa sefa miliyan 6, abin da aka samu miliyan 3, to kowa rabin haƙƙinsa zai karɓa, babba da yaro. Ana bar masa abinci da tufafin iyalinsa. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tarar da kayan nan yadda suke, ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da bashi ya rufe, Sayyidina Umar ya yi shela masu binsa su zo a raba musu dukiyarsa. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa masu bashi cikin waɗanda ake ba zakka.

Sai dai doka komai kyanta a takarda, ba ta aiki sai da shaida. Yawancinmu muna ciniki da baki ne kawai: babu rajista, babu littafin shiga da fita. Ranar da abu ya lalace, alƙali ba shi da abin dubawa. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abu uku. Mu riƙa rubuta kowane bashi, ko tsakanin wa da ƙane ne. Wanda ya ga kasuwarsa ta fara tangal-tangal, ya yi magana tun da wuri, ya nemi liman ko dattawan kasuwa su zauna da masu binsa, kada kunya ta sa ya ci sabon bashi don toshe tsoho. Kada kuma ya ɓoye kaya da sunan matarsa, ko ya biya surukinsa a asirce ya bar sauran. Wannan zalunci ne a shari'a, kotu ma tana iya warware shi. Mu kuma masu bi, mu bambanta mai taurin bashi da wanda ƙaddara ta faɗa wa.

Mu tuna, ko kotu ta rufe shari'a, haƙƙin mutane yana nan sai an biya ko an yafe. Allah Ya biya wa masu bashi, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.