Hannun da Ke Bakin Tiyo

Muna yara a lambun kawuna da ke wajen Kura, babu wasan da ya kai mana na toshe bakin tiyo daɗi. Tiyon injin ban-ruwa ya fi ƙarfin yatsa, sai ka sa tafin hannu ka rufe rabinsa. Nan take ruwan da ke kwarara cikin natsuwa ya yi tsartuwa, ya tsallake fangali biyu ya jiƙe wanda kake hari. Ba ka ƙara ko ɗigo ba, hanya kawai ka ƙuntata. Kawu ba ya bukatar ya waiwayo kafin ya san abin da muke yi, domin kunnensa na kan inji. Da an matse bakin tiyo sai muryar injin ta canja ya kama gurnani, tiyon ya sandare kamar icce, duk inda aka ɗaure da roba ya fara tsiyaya.

Bayan shekaru masu yawa, aka auna kawun nan a asibiti aka ce yana da hawan jini, ga kuma wani nauyi da ke danne masa ƙirji duk lokacin da ya ɗauki buhun taki ko ya hau gangare. Aka rubuta masa amlodifin, miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum. Ya kira ni yana juya kwalin a hannu.

"Ɗana, an ce jinina ya yi yawa. Wannan 'yar ƙwayar ce za ta rage shi? Ai gara a yi mini ƙaho."

Na ce, "Kawu, jininka bai ƙaru ba. Ka tuna abin da kake korarmu a kansa a bakin tiyo?"

Sunan cutar ma yana da hannu a wannan ruɗani. Da an ce jini ya hau, sai mutum ya hango tulu ya cika yana ambaliya. Alhali a yawancin masu ita, ba yawan jinin ne babbar matsala ba, ƙuncin hanya ne. Zuciya ce injin, jijiyoyi su ne tiyo, sai dai wannan tiyon da hannunsa aka halicce shi: kowace ƙaramar jijiya mai ɗauko jini daga zuciya tana da tsoka da ta kewaye ta kamar zobe. Tsokar ta matse, hanya ta ƙuntata, awo ya haura 140 bisa 90, zuciya ta kama gurnani ba dare ba rana. Wuraren da aka ɗaure da roba kuwa, su ne ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido. Ranar da ɗaya ta ɓalle a ka, sai a ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

To wa ke gaya wa hannun ya matse? Sinadarin kalsiyam. Yadda aka gano haka ma abin dariya ne. Wajen 1883, wani likita a Landan mai suna Sydney Ringer yana ajiye zuciyar kwaɗo a ruwan gishiri, sai ya ga tana ta bugawa har awanni. Daga baya ya gano mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan maimakon tataccen ruwa. Da aka koma tatacce, zuciyar ba ta jima ba ta mutu. Ashe ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon ne ke riƙe da ita. A jikin kowace ƙwayar tsoka akwai ƙofofi da ido ba ya gani. Idan suka buɗe kalsiyam ya kutsa ciki, tsoka ta tsuke. Amlodifin da 'yan uwansa aikin maigadi suke yi a waɗannan ƙofofi. Ba sa rufewa ruf, rage masu shiga kawai suke yi, hannu ya sassauta, ruwa ya koma kwarara. (Kada wani ya ji an ce kalsiyam ya ɗauka ƙashinsa za a cinye ko madara ta haramta gare shi, ƙofar tsoka ake tsaro, babu ruwan maganin da ƙashi.)

Batun ƙirji ya fi bukatar a tsaya a kansa. Inji yana tura ruwa, amma shi da mai yake rayuwa, ta wata siririyar roba da ke zuwa daga tanki. Haka zuciya: duk jinin jiki ta cikinta yake ratsawa, amma abincinta ta wasu 'yan jijiyoyi da ke kwance a bayanta yake zuwa. Idan kitse ya taru a cikinsu, man da ke wucewa yana isa muddin mutum na zaune. Da ya ɗauki kaya, ko ya yi sauri, ko ya cika ciki da tuwo, ko ransa ya ɓaci, sai inji ya nemi abin da robar ba za ta iya kawowa ba. Nan ne zai ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, wani lokaci har hannun hagu ko muƙamuƙi, ya zauna 'yan mintuna ya lafa. Maganin yana taimakawa ta fuska biyu: ya janye hannu daga bakin tiyo, wahalar inji ta ragu, ya kuma ɗan buɗa robar mai. Diltiyazem da berafamil, su ma 'yan gidan ne, suna ƙarawa da rage wa injin wuta, bugun zuciya ya yi ƙasa. Shi ya sa likita ke taka-tsantsan da su ga wanda zuciyarsa ta riga ta raunana.

Amma fa amlodifin ba ɗan kashe gobara ba ne. A hankali yake shiga jiki, a hankali yake fita, sai ya yi wajen mako ana sha kafin ya zauna daram. Ciwon ƙirjin da ya taso yanzu, wata ƙwaya daban da ake sakawa a ƙarƙashin harshe ce tasa. Wanda kuma ya zo mutum na hutawa, ya ƙi lafawa, ga gumi ga haki, wannan wataƙila mai ne ya yanke gaba ɗaya, ba a jiran gari ya waye.

Duk manomin rani ya san idan aka saki ruwa, kwari ne ke fara cika. Kwarin mutum ƙafarsa ce. Kumburin idon sawu da yamma shi ne ƙorafin da aka fi ji, musamman a miligiram 10. Wasu ciwon kai ko ɗumin fuska a kwanakin farko, wasu kaɗan dasashi ya yi kauri. Abin da za a koma a faɗa wa likita ne ya rage ko ya haɗa da wani, ba dalilin jefa kwali a bayan gado ba. Kuma haɗin ba da ka ake yi ba: binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin ƙwayoyi biyu da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da awon baƙar fata a kan haɗin da babu shi.

Inda muka yi ta fama da kawu shi ne bayan wata biyu, da awo ya nuna 128 bisa 80, ƙirji ya yi sakayau. Ya ce ya warke, kuɗin magani gara a sayi irin albasa. Na ce masa hannun nan bai tafi ko'ina ba, riƙe shi aka yi. Maigadi ya bar ƙofa, cikin 'yan kwanaki zai koma bakin tiyo, kuma ba sallama zai yi ba. Ya yi shiru yana kallon jikokinsa can ƙasan lambu, biyu sun danne bakin tiyo suna ƙyalƙyala dariya, injin na gurnani.

"Kai! Ku sakar mini tiyo!" Ya juyo gare ni. "Da safe ka ce, ko da dare?"

Na ce duk wanda ba zai manta ba. Ya zaɓi bayan sallar asuba, ya sa kwalin a aljihun da yake ajiye carbi.