Darasin Waya da Jarrabawar GCE: Ina Amfaninsa, Ina Iyakarsa?

Da zarar watan Janairu ya kama, iyaye a unguwanninmu na Hausawa, daga Birkiteri ta Yawunde har Tsohon Gari na Bamenda, sukan tashi da tambaya iri ɗaya: "Malam, yaro ya ce a biya masa darasin intanet don jarrabawar GCE ta babban mataki. Kuɗin zai yi rana kuwa?" Wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai har gida ta same ni, da kuɗin adashinta ƙulle a bakin zane. Saboda irinta na ɗauki alƙalami.

Mu fara da sanin jarrabawar. Hukumar GCE da ke Buya, wadda aka kafa a 1993, ita ke shirya ta. Ɗalibi yana iya ɗaukar fanni har 5, kuma sai ya ci aƙalla 2 kafin ya yi zancen jami'a. Takarda ta farko ta zaɓen amsa ce, ta biyu ta dogon rubutu. A fannonin kimiyya kuwa akwai ta uku, ta gwaji da hannu.

A takarda ta farko darasin waya yana da amfani ƙwarai. Yaro zai yi ta bitar tambayoyin shekarun baya, a nuna masa kuskurensa nan take, ya maimaita bayani sau goma ba mai tsawata masa. Mun ga ranarsa da rikicin da ya soma a 2016 ya rufe makarantu da yawa a Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, da kuma zaman gida na korona a 2020.

Amma gani ba ci ba ne. Wanda ya kalli ana auna sinadari a waya bai auna ba. Ranar jarrabawa hannunsa zai yi rawa. Dogon rubutu kuma sai malami ya bi shi da jan biro. Ga shi da yawa daga cikin darussan nan an tsara su ne bisa manhajar Ingila ko ta Nijeriya, ba tamu ba. Kada kuma mu manta, a 2017 an katse intanet a yankunan nan biyu har wata 3.

Abin da na gaya wa mai ƙosai shi ne: kada ta kwance bakin zanenta tukuna. Yaron ya kai wa malaminsa darasin ya duba ko ya dace da manhajar Buya. In ya dace, yara 4 su haɗa kuɗi, su sauke darussan a waya ɗaya, su zauna a zaure bayan Isha'i, babba yana sa ido. Sauran kuɗin ta sayi littafi da fitila mai aiki da hasken rana, kuma kada yaron ya yi fashin aji ko na kwana ɗaya.

Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.