Birnin Gwari Ta Cika, Ina Jama'a Za Su Kwana?

Duk wanda ya zaga unguwannin Birnin Gwari bayan sallar isha'i ba ya buƙatar dogon bayani. Zauren da ake saukar baƙi a da, yanzu ɗakin kwana ne, an rataya tsohon zani a ƙofa ya zama labule. Shagon da ake sayar da omo da magi da rana, dare na yi sai a ture buhuna gefe a shimfiɗa tabarmi. Da asuba kuwa, ga layin butoci a bakin masai ɗaya tilo.

Kowa ya san mafarin abin. Shekara da shekaru 'yan bindiga suna fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana suna tashin ƙauyuka. Harin Gwaska na watan Mayun 2018 kaɗai ya ci rayuka sama da 40. Mutanen karkara suka kwaso 'yan komatsansu suka yo cikin gari, dangi suka buɗe musu ƙofa, Allah ya saka musu da alheri. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 252 da 'yan kai, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga kowa ba. Jama'a sun ƙaru, ɗakuna ba su ƙaru daidai da su ba.

Da aka yi sulhu da 'yan bindigar a watan Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, sai wasu suka ɗauka shi ke nan, kowa zai koma garinsu a samu sarari. Wasu sun koma, gaskiya ne. Amma matar da ta rasa miji ta kafa kaskon ƙosai a bakin tasha, wa za ta koma wa? Saurayin da ya saba da kabu-kabu, da yaran da suka shiga firamare a nan, sun riga sun zama 'yan gari. Ita kanta kasuwar jama'a take jawowa: fatake, direbobi, 'yan kamasho, ga masu haƙar zinariya, ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turowa. Zaman lafiya ƙara wa gari mutane yake yi.

To, gina gidaje ya zama dole. Sai dai a nan ne muke yawan kuskure. Da an ce gida, hankalinmu sai ya tafi kan katafaren gini na bulo da siminti, mai falo da doguwar katanga, wanda mutum zai shekara goma bai kai linta ba. Mai sayar da ƙosan nan ba shi take nema ba. Ɗaki ɗaya take so mai ƙyaure da sakata, da wurin girki, da kuɗin hayar da za ta iya biya wata-wata. Sabon ango ciki da falo ya ishe shi. Direban da ya sauke kaya gadon kwana biyu yake buƙata. Magidanci mai mata biyu da 'yan awaki shi ne mai neman tsakar gida. Gari mai tasowa sai da duka waɗannan, kuma mai kuɗin da ya jera ɗakunan haya goma masu tsabta ya fi amfanar jama'a, ya kuma fi samun riba, a kan wanda ya kewaye fili da katanga ya tafi Kaduna ya bar wa ciyawa.

Kada kuma a raina ginin ƙasa. Tubalin jar ƙasa, in an ɗora shi kan harsashin dutse ko bulo, aka yi masa yaɓe mai kyau da rufin da ya zarce bango, yana daɗewa, ya fi sanyi a watannin zafi, kuma maginansa namu ne. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne daji: kada neman katako da azara ya sa mu aske abin da ya rage.

Ga kangayen gado. Tsoho ya rasu, magada sun kasa zama a raba, ɗakuna suna rushewa a tsakiyar gari alhali ana kwana a zaure. A kira malamai a raba, ko a gyara a sa haya a riƙa raba kuɗin.

Sai gargaɗi, domin inda ake rububi nan macuta suke kiwo. Kada ka biya kuɗin fuloti don dillali ya nuna maka turaku huɗu ya ce wani na tafe da kuɗi a hannu. Ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka tambayi maƙwabtan filin, a rubuta takarda da shaidu, sannan ka nemi takardar mallaka a hukumar KADGIS mai rajistar filaye a Jihar Kaduna. Fili mai arha a bakin rafi ko kan hanyar ruwa, damina ɗaya za ta nuna maka dalilin arharsa. Masai kuma a nisanta shi da rijiya, don ta nan amai da gudawa ke shiga gida. Kowane ɗaki a fitar masa da taga. Cunkoso a ɗaki marar iska lokacin zafi shi ne abincin sanƙarau.

Ƙaramar hukuma da masarautar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II su ne za su iya yanka sabbin unguwanni tun kafin gini ya riga su: a fitar da tituna da magudanan ruwa, a ware wurin makaranta da maƙabarta, a yanka filaye manya da ƙanana, har da rabin fuloti wanda talaka zai biya kaɗan-kaɗan. Kai kuma mai fili a cikin gari, ko ɗaki biyu ne ka tayar bana kafin ruwa ya sauka. Akwai mai jiran sa.