Wace kwamfuta ce ta dace da gwajin dabarun ciniki?

Masu cinikin hannayen jari da kuɗaɗen waje ta intanet kan kashe maƙudan kuɗi wajen sayen kwamfuta domin gwada dabarunsu cikin hanzari, to amma ba kullum ne tsadar na'ura ke kawo saurin aiki ba.

Unguwar Koki da ke cikin birnin Kano ta daɗe da sanin lissafin kasuwa. A nan ne Alhassan Dantata, wanda ya yi fataucin goro daga Gwanja kafin ya zama babban dillalin gyaɗa, ya kafa gidansa. Attajiran wancan zamani kan yi hasashen farashi ne ta hanyar tuna yadda kakar bara da ta bara waccan suka kasance.

Tun daga 2010 ake cinikin hannayen jarin kamfanin simintin tattaɓa-kunnensa, Aliko Dangote, a kasuwar Legas, kuma mai wayar salula a Koki zai iya saye ko sayarwa daga zaurensa. Shi kuwa tsohon lissafin nan na waiwaye, ya koma hannun kwamfuta.

Yadda gwajin yake

Ɗan kasuwa kan tsara wata ƙa'ida, alal misali ya sayi hannun jari idan farashin yau ya haura matsakaicin farashin kwanaki 50, ya sayar idan ya sauko. Daga nan sai ya sa kwamfuta ta bi tsofaffin farashi rana bayan rana, ta nuna masa ribar da zai samu ko asarar da zai tafka da a ce ya bi ƙa'idar tun shekarun baya.

Gwaji guda ba ya cin lokaci. Inda aikin ke yin nauyi shi ne sa'ad da aka ce a gwada kwanaki 10, da 11, da 12, har zuwa sama da 100, a kuma haɗa kowanne da wani ma'auni na biyu mai fuska 100. Gwaji dubu 10 ke nan. Idan kowanne na cin daƙiƙa biyu, za a shafe fiye da sa'o'i biyar da rabi ana jira.

Kafin a je titin Beirut ko kasuwar Farm Centre neman na'ura, abin da ya kamata a fara sani shi ne yawan bayanan da za a sarrafa.

Kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya kimanin 150 ne, kuma ana ciniki kusan kwanaki 250 a shekara. Farashin kowace rana na shekaru 20 bai wuce layi dubu 750 ba, abin da ƙaramar kwamfutar cinya ta hannu za ta iya sarrafawa ba tare da wahala ba.

Mai cinikin kuɗaɗen waje da ke bin farashin kowane minti kuwa, lissafinsa daban ne. Dala da yuro kaɗai za su ba shi layi sama da dubu 370 a shekara guda. Idan ya haɗa nau'o'in canji 20 na shekaru goma, ya haura layi miliyan 70.

Lebura goma, sikeli ɗaya

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira firosesa, ita ce ke yin lissafin, kuma ta zamani tana ɗauke da ƙwayoyi da dama, daga huɗu zuwa 16 ko fiye, kowace na iya aikinta daban. Masu talla sun fi son ambaton yawansu.

To sai dai gwaji guda ba ya rabuwa cikin sauƙi, domin kuɗin da ke hannun ɗan kasuwa ranar Talata ya danganta ne da abin da ya faru ranar Litinin. A irin wannan aiki saurin ƙwaya ɗaya ne ke da muhimmanci. Gwaji dubu 10 da babu ruwan wani da wani su ne ake iya rarrabawa, inda ƙwayoyi takwas za su iya mayar da sa'o'i biyar da rabi zuwa ƙasa da sa'a guda.

Wani injiniya ɗan Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana iyakar wannan rabo tun a 1967. Misalinsa kamar filin awon gyaɗa ne mai sikeli ɗaya: ko lebura nawa aka ƙara, dole buhuna su bi layi. Idan kashi ɗaya cikin goma na aikin ba ya rabuwa, ƙwayoyi takwas ba za su ninka sauri sau biyar ba ma, kuma ko dubu aka zuba ba za a wuce ninki goma ba.

Manhajar da ake amfani da ita ma tana da nata hukunci. MetaTrader 4, wadda ta fito a 2005, tana gwajinta ne da ƙwaya ɗaya tak, yayin da MetaTrader 5 ke rarraba gwaje-gwaje masu yawa ga dukkan ƙwayoyin. Wanda ya sayi firosesa mai ƙwayoyi 16 ya ɗora tsohuwar manhajar, ya biya kuɗin lebura 15 suna zaune.

Abu na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi, wato ram. Ita ce shimfiɗar da ake baje kaya a kai, faifan ajiya kuma shi ne sito. Muddin bayanan sun shiga shimfiɗar baki ɗaya, ƙarin ram ba ya ƙara komai. Idan kuwa ba su shiga ba, sai na'urar ta dinga zarya zuwa sito. Gigabait 8 ya isa ga farashin rana-rana, mai bin na minti kuma zai fi samun natsuwa da 16 ko 32.

Sauya tsohon faifai mai juyawa da na SSD na daga cikin gyare-gyare mafiya arha. Katin hoto mai tsada kuwa, wanda masu wasannin bidiyo ke rububi, ba ya taɓuka komai sai an rubuta manhajar musamman dominsa.

Wuta, zafi da ƙura

Akwai kuma abin da kwalin na'ura ba ya faɗa. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kuma firosesa na rage gudunta da kanta idan ta yi zafi domin kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka na ƙara dagula lamarin. Sau da yawa share ƙura da sabunta man sanyaya firosesa kan dawo da saurin da ake shirin sayen sabuwar na'ura dominsa.

Ɗaukewar wuta a sa'a ta huɗu na iya rusa aikin sa'o'i biyar, don haka inbata ko batirin sola na cikin kuɗin na'urar. Babbar kwamfutar tebur mai cin wat 400 za ta sha yunit huɗu a sa'o'i goma, ta cinya mai wat 60 kuwa ba za ta kai yunit ɗaya ba. Tun 2024 masu samun wuta a rukunin A ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit.

Ana iya hayar manyan kwamfutocin Amazon ko Google ko Microsoft na 'yan sa'o'i, sai dai da dala ake lissafin kuɗin, ita kuwa ta tashi daga kimanin naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024.

Haɗarin da ke cikin saurin

Babban abin damuwa dai shi ne, na'ura mai sauri tana sauƙaƙa wa mutum yaudarar kansa. Wanda ya gwada dabara dubu 10 dole ya ci karo da wadda ta yi dace da tarihi, ko da kuwa babu wata hikima a cikinta. A wata maƙala da suka wallafa a 2014, David Bailey da Marcos López de Prado da abokan aikinsu sun nuna cewa mai bayanan shekaru biyar da ya gwada fiye da dabaru 45 masu zaman kansu, zai iya samun wadda ta yi kyau a takarda bisa sa'a kawai. Shi ya sa ƙwararru ke ɓoye wani yanki na tarihin, ba sa taɓa shi sai a gwajin ƙarshe.

Su kansu bayanan suna iya yin ƙarya. Ma'aunin kasuwar Najeriya ya haura maki dubu 66 a watan Maris na 2008, kafin ya rufto zuwa wajen dubu 20 a 2009, lamarin da ya cinye jarin mutane da dama. Bankunan Oceanic da Intercontinental, waɗanda aka yi tururuwar sayen hannayen jarinsu, wasu bankuna ne suka haɗiye su daga baya. Jerin farashin da ya ƙunshi kamfanonin da suka rayu kawai zai nuna ribar da babu wanda ya same ta, haka ma gwajin da ya manta da ladan dillali.

Ga musulmi kuma akwai batun da ke gaba da na'ura. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukunci a 2006 cewa ciniki da bashin dillali, irin wanda ya yi yawa a kasuwar canji ta intanet, bai halatta ba saboda riba da sharuɗɗan da ke tattare da shi. A 2012 kasuwar Legas ta ƙaddamar da ma'aunin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a. Kamfanoni ƙalilan ne a cikinsa, kuma farashinsu na rana-rana na dukkan shekarun nan zai shiga cikin tsohuwar kwamfutar ofis mai ram gigabait 8.