Waya 'Yar Talla Ce

Tun kafin a san wani abu wai shi intanet, matan ƙasar Hausa suna da shagon da ba shi da ƙofa a bakin titi. Mace tana cikin gida, ko zaure ba ta leƙa ba, amma ƙosanta ya kai tasha, ƙuli-ƙulinta ya kai majalisar dattawa, furarta ta kai bakin gona. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gida a 1969, tana nuna yadda hatsi da abinci ke sauya hannu daga gida zuwa gida ba tare da sun bi ta kasuwa ba. Mu kam ba sai an gaya mana ba. A Kurmin Kogi da Paki da Saulawa, haka a Makarfi da Hunkuyi, duk wanda ya tashi ya san yarinyar da ke fitowa da hantsi, gammo a ka, faranti a kan gammo, canji a ƙulle a bakin zani.

Yau a gidajen nan akwai mai ɗinkin hular hannu, mai saƙar kayan jarirai da ulu, mai faifai, mai jakar duwatsu, mai haɗa turaren wuta. Da yawansu sun ji ana cewa a buɗe shago a waya, sun buɗe, sun zuba hotuna, sun zauna jiran mai saye, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A ganina kuskuren tun daga ɗaukar waya a matsayin shago ne. Waya 'yar talla ce. Kuma duk abin da uwar da ta iya ɗora talla take yi kafin yarinya ta fita da bayan ta dawo, shi ne aikin mai sayarwa a WhatsApp ko Facebook ko Instagram.

Uwar kirki ba ta ɗora talla a faranti mai maiƙon jiya. To hoto shi ne farantin. Ba sai waya mai tsada ba: a goge idon kyamara da gefen mayafi, a shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar tsakar gida da safe, kafin rana ta yi tsaka, a ɗauka. Hoton cikin ɗaki da fitilar caji yana kashe launi, kwalliyar da ake ƙara wa hoto kuma ta fi shi ɓarna, don ita ce ke mai da ruwan goro ja, kaya su isa Kaduna mai saye ta ce ba wannan ta gani ba. Wanda zai sayi hula a kasuwa kifa ta yake yi ya duba cikinta, ya ga yadda zare ya zauna, ya sa ta a kai. Tunda ta waya ba zai iya ba, ke za ki yi masa: ki ɗauki cikin hular, ki ɗauki ɗinkin daga kusa, ki faɗi lambarta, 22 ce ko 23 da rabi. Faifai a aza shi a bakin ƙwarya ko kusa da tafin hannu a ga girmansa. Hoton kayan wata kuwa, ko ya fi naki kyau sau goma, kada ki ɗora. Ranar da aka gane, an gama da ke a wannan layin.

Sai kuɗi, kuma a nan ne zan daɗe. Ba a taɓa ganin uwar da ta tura yarinya talla ba ta gaya mata farashi ba. Tana ƙirga ƙosan ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi nawa-nawa ne, ta faɗi gyaran da za a yi wa wanda ya saya da yawa, ta san abin da ya kamata ya dawo. Amma sai ka ga hoton jaka mai kyau, a ƙasa an rubuta a yi magana ta ciki don jin farashi. Mutum nawa ne za su yi wannan wahalar? Mai kunya ba za ta tambaya ba, don kada a faɗa ya fi ƙarfinta. Mai wayo kuma ta san ana duban hoton fuskarta ne a yanka mata kuɗi. A rubuta farashi a fili. Idan an san halin mutanenmu na son tayi, a bar ɗan wurin ragi, yadda in an ce "Hajiya a rage mana" za a rage ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba, in kuma an taya ƙasa da haka a ce albarka, cikin fara'a.

Matsalar ita ce mafi yawan masu aikin hannu ba su san uwar kuɗin nasu ba. Tambayi mai hula nawa ta kashe, za ta ce zare da yadi. Ta manta mai zane. Ta manta mai wankin hula da sitacinsa. Ta manta kuɗin motar wanda ya sayo mata zaren daga Sabon Garin Zariya ko Kantin Kwari. Ta manta data, da cajin waya a shagon mai janareta, da leda da kwali, da ɗan acaɓan da zai kai saƙo bakin titi. Waɗannan kuma ba tsaye suke ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wadda ke sayarwa a farashin da ta saba tun kafin nan, jarinta take ci tana cewa riba.

Babban abin da ake mantawa shi ne hannun kansa. Hular da ta ci makonni ana sukar allura, ido na ruwa, wuya na sagewa, sai a sa mata ladan da bai kai na ƙwadagon yini biyu a gonar tumatir ko ta rake ba, wai ai a zaune ake yi. Zaman ma aiki ne. Ki duba abin da ake biyan mai aikin yini a garinku, ki ƙiyasta yinin da hular ta ci, ki ga inda kike. Mai yiwuwa kasuwa ba za ta biya duka ba, don akwai hular inji mai araha da ta cika ko'ina. To a nan ne wayar ke da amfani, domin tana kai kaya inda ake bambance aikin hannu da na inji. Matan birnin Zariya masu ɗinkin hannu da suka haɗu a ƙungiyar Queen Amina Embroiderers sun daɗe da gane haka: ɗinkin da aka sani a babbar riga suka ɗora a kan kayan ɗaki da rigunan mata, suka nemi masu saye har ƙasashen waje.

'Yar talla ba ta yawo barkatai. Ta san gidan da ake sayen alala, ta san teburin mai shayin da direbobi ke zama, ta san lokacin da ake tashi daga makarantar allo. Haka ma waya. Abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ke da lambarki ke ma kike da tasa. Saboda haka tara lambobin mutanen da suka taɓa saye, da roƙonsu su adana taki, ya fi tara mabiya dubu da ba su san ki ba. Bayan isha, lokacin da aka gama kwashe tuwo aka ɗauki waya, ya fi tsakar rana. Hoto uku masu kyau sun fi talatin, waɗanda mutum zai yi ta dannawa yana tsaki saboda datarsa. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu, kyauta ce, ta kuma hutar da ke turo hoto ɗaya sau ɗari. Wanda ya turo saƙon murya a ba shi amsa da murya. Jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba kuwa daidai yake da yarinyar da ke faɗawa gidan mutane ba sallama.

Akwai kuma lokacin da farantin ke cika. Gab da sallah, da bayan kaka lokacin da aka sayar da masara da waken suya aka shiga bukukuwa, oda kan yi yawa. Hannu biyu gare ki. In hula huɗu za ki iya gamawa kafin sallah, kada ki karɓi kuɗin bakwai. "Ba zai samu ba sai bayan sallah" magana ce mai ɗaci da ake mantawa. Kayan da suka iso ranar hawan Daushe ba a manta su.

Inda kwatancen ya rabu shi ne wajen amana. Yarinya tana miƙa ƙosai tana karɓar kuɗi a wuri ɗaya, kuma kowa ya san 'yar gidan wane ce. A waya, mai saye yana Abuja, kaya suna Kurmin Kogi, dole ɗaya ya fara sakin nasa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya koya wa har tsofaffi tura kuɗi ta waya, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga ƙauyuka. Tare da su 'yan damfara suka shigo. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki kafin kaya su bar gida, ko da mai sayen yana ta kira yana cewa "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" Amsar ita ce, "Na yarda da kai Alhaji, sabis ne ban yarda da shi ba." Aikin da aka ce a yi wa mutum na musamman, da sunansa ko launin da ya zaɓa, a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan aiki, don in ya fasa ba mai sayen hular da aka ɗinka wa kan wani. Bashi kuma, wanda ya karya masu talla da yawa a cikin gari inda ake ganin juna, ina ga na wanda ba ki taɓa ganin fuskarsa ba?

Shi ma mai saye tsoro yake ji, kuma da gaskiyarsa. Abin da ke kwantar masa da hankali ƙanana ne: sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan da ya san ki da shi, ba na mai POS na bakin kasuwa ba, a turo masa hoton ƙunshin da sunansa a jiki, a gaya masa gaskiyar ranar da zai tashi.

Sannan tasha. Daga ɓangarenmu kaya sukan fita ta Ikara ko Makarfi zuwa Tashar Yari, su hau titin Zariya zuwa Kano, daga can a sake mota in tafiyar mai nisa ce. Duk wanda ya ga yadda ake lodi ya san ƙunshinsa zai iya kwana a ƙarƙashin buhun masara ko kusa da kwandon tumatir mai ɗiga. Leda biyu, sannan kwali, sannan salatif. Da damina a ƙara leda ta uku. Hula a cusa mata takarda kada ta lotse. Turare a ɗaure bakin kwalbar, mazarƙwaila kuma a tuna zafi na narkar da ita. A rubuta sunan mai karɓa da lambarsa manya-manya. A ba da saƙo a cikin tasha, a gaban 'yan kamasho, ba ga motar da aka tsayar a hanya ba. A karɓi lambar direba da lambar mota, a tura wa mai saye nan take. Kuma tun kafin a yi sallama a kan ciniki a faɗi wanda zai biya kuɗin mota, don rigimar da ke biyo bayan "ai na ɗauka har da kawowa" ta kashe ciniki fiye da tsada.

Da yamma uwa takan zaunar da yarinya ta kwance bakin zani, a ƙirga, a ware kuɗin wake da mai, a ware na adashi, a ga kwantai. Wannan zaman ne masu waya suka yar, suna ganin komai na cikin waya. Littafi na makaranta ya isa: wa ya saya, me ya saya, nawa ya biya, lambarsa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya a duniya na kusan awa shida. Wannan ya wuce. Amma waya na faɗawa rijiya, ana fizge ta a kasuwa, ana kuma sace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar kiransa a ce ya karanto lambobi shida da suka shigo masa, daga nan a bi kwastomominsa ana karɓar kuɗi da sunansa. Lambobin nan ko mijinki ne ya kira da baƙuwar murya kada ki karanta.

Rajistar suna a hukumar CAC za ta iya jira sai ciniki ya kankama. Mai haɗa sabulu ko man shafawa ko abin ci da za a ƙunsa a kai nesa dai ta san da zaman hukumar NAFDAC.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a gidaje da yawa ba mai sana'ar ce ke riƙe da wayar ba. Ɗanta ne, ko ƙaninta, ko 'yarta da ta yi sakandare. Ba laifi, kuma ya fi a ce yarinyar tana tasha da faranti lokacin da sa'o'inta ke aji. Amma 'yar talla ma tana da ladanta, wanda ake tara mata har ya zama kayan ɗaki. A yanka wa mai riƙe da wayar nasa kason a kan kowane ciniki, a faɗe shi tun farko, a sa shi cikin farashi. Asusun kuma a buɗe shi da sunan mai allurar, da lambarta ta BVN ko NIN, ko da sai an raka ta Ikara ranar kasuwa an yi.